Wutar daji a yankin Gaya: jiniyar gargaɗi, kuɗin gwamnati da abin da ke akwai a ƙasa

Daga ƙarshen watan Oktoba, da zarar ruwan sama ya ɗauke, ciyawar da ta yi tsawon mutum a dazukan gundumar Gaya takan bushe cikin ƴan makonni. A daidai lokacin ne damman gero da dawa ke jibge a gonaki, harawa na rataye a kan itatuwa, rumbuna sun fara cika, iskar hunturu kuma ta taso daga arewa maso gabas. Wutar da ta kuɓuce a irin wannan lokaci tana iya cinye noman shekara na ƙauye guda kafin a gama kiran maza daga kasuwa. Saboda haka duk maganar wutar daji takan tsaya ne a kan abu biyu: yadda labari zai riga wuta isa gari, da kuma wanda zai biya kuɗin hakan. A Amurka da Ostareliya wasu garuruwa sun kafa jiniya da kuɗin gwamnati domin wannan aiki. Ga bayanin yadda take aiki, inda ta yi amfani da inda ta gaza, da matsayinta idan aka gwada ta da halin da Gaya ke ciki.

Me ya sa Gaya

Gaya na bakin kogin Isa, wanda ƴan Nijeriya ke kira Kwara, tana kallon Malanbil ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a gabas. Ita ce kusurwar da ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Wannan albarka ita ce tushen matsalar. Inda ruwa ya yi yawa ciyawa kan yi kauri, gamba da kyasuwa su rufe ƙasa, kuma abin da ya tsiro da damina shi ne makamashin rani. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa shekarar da aka fi murna da ciyawa ita ce aka fi jin tsoron wuta.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Kusa da garin akwai gandun dajin Goru Basunga, mai faɗin kusan hekta dubu 10, wanda aka killace tun 1937. Akwai dajin giginya na Dallol Mawri da bakin kogi, wajen hekta dubu 30, wanda babu kamarsa a ƙasar. Daga shi ake samun azara da muruci da tabarmi, kuma tun shekarun 1990 aka danƙa wa kwamitocin ƙauyuka wani ɓangare na kula da shi, da tallafin ƙasar Suwis. Babbar giginya takan jure wuta, ganyenta na can sama. Ƙananan da ba su yi jiki ba su ne ke tafiya, ga shi itace ne da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya kai a sare. Wutar yini ɗaya tana iya share tsiron da za a ci moriyarsa bayan shekara talatin, ba tare da an lura ba, tunda manyan na nan tsaye. Dallol Mawri ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2004. Daga yamma kuma akwai gandun namun daji na Dosso, wanda aka kafa a 1962 domin ya zama garkuwar gandun W.

Gaskiya ne manyan wutacen Nijar ba a Dosso suke tashi ba. Suna tashi ne a yankin kiwo na arewacin Tawa, Maraɗi, Damagaram da kudancin Agadas, inda wuta kan yi kwanaki tana tafiya ba ta tarar da gari ba. A 2021 hukumomi sun ba da lissafin fiye da hekta dubu 500 da suka ƙone a faɗin ƙasar, akasari a can. Bambancin Gaya shi ne cunkoso. Gona na manne da daji, ruga na manne da gona, rumbun kara na manne da gidan zana. Wutar da za a kira ƙarama a Abalak tana iya zama babbar hasara a Tanda, Bana, Bengu, Yelu ko Tunuga.

Sanadin tashinta sananne ne: mai sharar gona da ya cinna wa tarin kara wuta iska ta ƙwace, yara masu farautar gafiya da zomo, mai cin zuma da ya bar bakin wuta a gindin itace, masu gawayi, matafiyin da ya dafa shayi bai binne garwashi ba, guntun taba daga tagar mota. Kusan duka hannun mutum ne. Manomi kan zargi makiyayi, makiyayi ya zargi manomi, kuma idan wuta ta tashi kafin ranar da gwamna ya tsayar ta sakin gonaki, zargin kan fi wutar kanta daɗewa yana ci. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004 ta haramta cinna wa daji wuta, sai wadda ma'aikata ke kunnawa da gangan domin gyaran daji bisa sharuɗɗa. Irin wannan ce ake yi a gandun W a farkon rani, tun ciyawa na da sauran danshi, don a rage makamashi kafin zafin Maris.

Yadda jiniyar take

Jiniyar gargaɗi ba wani abu ba ce illa manyan lasifikoki a kan doguwar hasumiya, da batir, da na'urar da ke karɓar umarni ta rediyo ko ta layin salula. Tsofaffin samfura injin ne ke juya fanka ta yi kuka. Na zamani suna iya yin kuka kuma su yi magana, wato a ɗauki muryar mutum yana cewa ga abin da ke faruwa, ga inda za a nufa. Babba takan kai kilomita 1 zuwa 2 idan iska ta kwanta. Idan iska na kaɗawa da ƙarfi, wanda ke ɓangaren da iskar ke fitowa ba lalle ya ji ba, haka wanda ke cikin ɗaki da rediyo a kunne, ko kusa da injin niƙa.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne jiniya ba ta ganin wuta. Sai wani ya gani, ya faɗa wa wani, shi kuma ya yanke shawarar danna maɓalli. Wutar ciyawa a cikin iska mai ƙarfi tana iya yin kilomita 10 a awa, wani lokaci fiye. Idan an hango ta tana kilomita 3 daga gari, minti 18 ke nan ya rage. Idan mai gani ya ɓata minti 5 yana neman wurin da waya ke kamawa, mai karɓa ya ɓata 10 yana neman izinin na gaba da shi, kukan jiniya zai iso tare da hayaƙi.

Tauraron ɗan adam ma bai rufe wannan giɓi ba. Na'urorin MODIS da VIIRS na hukumar NASA suna gano wuraren da ke ci da wuta, na biyun har a fili mai faɗin mita 375, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana amfani da irin waɗannan bayanai wajen bin sawun wutar daji a ƙasashen Sahel. Sai dai tauraron sau kaɗan yake wucewa a yini, bayanin kuma yakan ɗauki awoyi kafin ya sauko. Yana da amfani wajen sanin inda wuta ta saba tashi da yawan abin da ta ci. Ba shi ne zai tashi mai barci a Albarkaize ba.

Abin da ya faru a wasu wurare

Garin Paradise na jihar Kalifoniya ya ƙone ranar 8 ga Nuwamban 2018, mutum 85 suka rasu. Hukumomi sun dogara da saƙon waya, amma mutane da yawa ba su samu ba, wasu saboda ba su yi rajista ba, wasu saboda wutar ta cinye turakun salula. Bayan haka garin ya kafa jiniya 21 masu magana, da tallafin hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, FEMA, a kan wajen dala miliyan 3. Da kuɗinmu ya tasam ma miliyar 1 da miliyan 800 na CFA, wato kowace hasumiya ta haura miliyan 80. A jihar Biktoriya ta Ostareliya ma, bayan wutar 7 ga Fabrairun 2009 da ta kashe mutum 173, an dawo da amfani da jiniyar ma'aikatan kwana-kwana wajen faɗakar da wasu garuruwa.

Labarin Lahaina, a tsibirin Mawi na Hawai, shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Hawai na da jiniya wajen 400, 80 daga ciki a Mawi, ana gwada su kowane wata. Ranar 8 ga Agustan 2023 wuta ta shiga garin ta kashe kusan mutum 100, ba a kunna ko ɗaya ba. Shugaban hukumar gaggawa ta yankin, Herman Andaya, ya kare kansa da cewa jama'a sun saba jiniya na nufin igiyar teku, da an kunna da sun gudu wajen tudu, wato cikin wutar. Ya yi murabus bayan ƴan kwanaki. Ana iya jayayya da hujjarsa, an kuwa yi, amma ta fito da abin da masu sayar da na'ura ba su cika faɗa ba: ƙara ba ta da ma'ana sai wadda aka koya wa mutane tun kafin ranar.

Wannan ya shafi Gaya kai tsaye. Garin na tsakanin kogi da tuddai. Haɗarin da mutanen bakin ruwa suka fi sani shi ne ambaliya, kamar ta 2020 da ta 2024, kuma duk wanda zai nemi kuɗin jiniya zai ce ta yi aiki biyu, ruwa da wuta, domin haka ne kuɗin zai fi saurin fitowa. To amma maganin ambaliya a hau tudu, wutar daji kuwa sau da yawa daga tudun take gangarowa, mafaka tana wajen fadama. Kuka iri ɗaya ga abu biyu masu hanyar tsira mabambanta haɗari ne. Sai dai mai magana, kuma a nan sai a tambaya da wane harshe. Kasuwar Gaya na jin Dendi da Hausa da Zabarmanci, ruga na jin Fulatanci, wasu ƙauyuka na da Canganci.

Faransa, wadda tsarin mulkinmu ya gaji abubuwa da yawa daga gare ta, tana gwada jiniyoyinta ranar Larabar farko ta kowane wata da tsakar rana. Duk da haka a 2022 ta ƙara da tsarin FR-Alert, mai tura saƙo ga duk wayar da ke ƙarƙashin turken salula na yankin da abin ya shafa, ba sai an san lambar mutum ba. Girka ta bi wannan hanya bayan wutar Mati ta 2018 da ta kashe fiye da mutum 100.

Inda kuɗin Nijar ke tafiya

A Nijar kuɗin yaƙi da wutar daji ya fi tafiya ga hanyoyin tare wuta, waɗanda takardun ma'aikata ke kira bandes pare-feux. Fili ne mai faɗin mita 10 zuwa 20 da ake share wa ciyawa ƙaf, a miƙe shi kilomita da kilomita yana gicciye hanyar iska, ta yadda wuta in ta iso ba ta samun abin ci. Ana yinsa da manjagara da hauya, wani wuri da tarakta. Ma'aikatan gandun daji ke auna wurin, mutanen ƙauye su yi aikin a biya su bisa tsawon da suka share, su kuma kwashe ciyawar su sayar ko su ajiye wa dabbobi. Hikimar tsarin ita ce kuɗi ɗaya na aiki biyu: yana kare makiyaya, yana kuma sa wani abu a aljihun matasa a lokacin da suke shirin tafiya cin rani. Rauninsa lokaci ne. Hanyar da aka share a Oktoba ko Nuwamba ta yi aikinta. Wadda kuɗinta ya fito a Janairu takan tarar an riga an yi hasarar, kuma damina na zuwa ciyawa ta sake rufe ta, a koma farko.

Kuɗin kan fito daga baitulmali ta hanyar tsarin ƙasa na rigakafi da magance matsalar abinci, DNPGCA, da ke ƙarƙashin ofishin firaminista, sai abokan hulɗa irin su PAM da FAO da shirin PRAPS na Bankin Duniya mai tallafa wa kiwo a Sahel tun 2015. Da yake babbar manufar ita ce ceton ciyawar dabbobi, kaso mafi tsoka na tafiya yankin kiwo na arewa.

Tsarin gargaɗi kuma akwai shi, har ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi a waya. An kafa SAP a 1989, bayan yunwar shekarun 1970 da ta 1984. Daga baya aka sauko da shi ƙasa: kwamitin sa ido a matakin komin, OSV, da kwamitocin ƙauyuka, SCAP/RU, waɗanda ke tattara labarin ruwa, farashin hatsi, cutar dabbobi, ambaliya da wuta su aika sama. A 2016 aka buɗe ma'aikatar ministan agaji da kula da bala'o'i. Sai dai an gina wannan tsari ne domin yunwa, wadda ke ba da sanarwar watanni. Takardar da ake cikawa a ƙarshen wata ta dace da fari. Wuta kuwa lissafinta na minti ne. A matakin duniya akwai asusun CREWS da aka ƙaddamar a taron yanayi na Paris a 2015, wanda Nijar na cikin ƙasashen farko da suka amfana, da kiran Antonio Guterres na 2022 cewa kowa a duniya ya samu gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027. Nan gida, abin da aka yi da irin wannan kuɗi ya fi karkata ga hasashen yanayi da ambaliya.

Sannan ga halin da aka shiga tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Takunkumin CEDEAO ya rufe gadar Gaya da Malanbil, masu ba da tallafi da dama suka dakata, a watan Oktoba na shekarar aka zabge kasafin kuɗin ƙasa da wajen kashi 40 cikin 100. Bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren gadar, abin da ya taɓa garin da rayuwarsa ta dogara da manyan motoci da duwan. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun komin aka naɗa kantomomi. Duk mai neman a saka jiniya a kasafin kuɗi zai yi layi ne da masu neman aji na siminti, kuma ba wanda ya manta da yara 20 da suka ƙone a azuzuwan zana na unguwar Pays-Bas a Yamai a Afrilun 2021, da wasu fiye da 20 a Maraɗi a Nuwamban shekarar. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin hasumiyar miliyan 80 da fitar da yara daga rumfar kara, ba zan daɗe ina tunani ba.

Saye ma shi ne mai sauƙi. Batir na mutuwa cikin ƴan shekaru a zafinmu, ƙurar hunturu na rufe farantin hasken rana, farantin kansa na jan hankalin ɓarawo. Dogaro da wutar NIGELEC kaɗai ba zai yiwu ba, an ga yadda aka kwana lokacin da Nijeriya ta yanke layinta a Agustan 2023. Duk wanda ya zaga karkara ya ga famfunan da wani shiri ya kafa, allon sunansa na nan, famfon ya tsaya tun shekarar da shirin ya tashi. Tambayar da ya kamata a yi wa duk wani aikin jiniya ita ce a layin kasafin wa aka rubuta gyaranta a shekara ta biyar, na ƙasa ne, na komin ne, ko na asusun ANFICT mai tallafa wa ƙananan hukumomi.

Abin da ke hannu

Kusan kowane ƙauye mai ɗan girma a gundumar yana da abin da ya yi kusa da jiniya mai magana: lasifikar masallaci, da batir ɗinta, da mutumin da kowa ya san muryarsa, yana magana da harshen garin. Akwai sanƙira, akwai ganga, akwai rediyon gari, akwai ƴan kabu-kabu da ke ratsa daji fiye da kowane ma'aikaci, akwai ƙungiyoyin WhatsApp na ƴan gari da ke yaɗa saƙon murya cikin minti kaɗan. Abin da ya rage shi ne tsari: a san lambar wa za a kira, a ba maigari ko wakilinsa ikon yin shela ba tare da jiran Gaya ko Dosso ba, a yarda tun da wuri inda mata da yara da tsofaffi za su taru, su wa ke fita da ganye da shebur da jarka, su wa ke kwance dabbobin da ke turke. Makiyaya su ne kan fara ganin hayaƙi, tunda su ke cikin dajin, kuma su ne lasifikar gari ba ta kai wa. Kwamitin da babu rugga ko garso a ciki ya rasa idonsa mafi kusa da wutar.

Iyaka na ƙara nata ƙulli. Wuta ba ta tsallake kogi da sauƙi, don haka ɓangaren Benin bai cika zama barazana ba. Iyakar Nijeriya kuwa ta tudu ce, kuma tana gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Wutar da ta tashi a dajin Kamba tana iya shigowa komin Tunuga ko Bengu ba ta nuna wa kowa takarda ba, kuma mutumin da ya fara ganinta yana ƙarƙashin wata hukuma, da wani layin waya. A ƙauyukan bakin iyaka waya kan kama layin Nijeriya ko na Benin fiye da na gida, shi ya sa mutane ke yawo da siim biyu. Saƙon gaggawa da zai bi turakun Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms kaɗai zai tsallake wasu daga cikin waɗanda suka fi buƙatarsa. A nan zumuncin sarakuna da masu gari na ɓangarorin biyu ya fi kowace yarjejeniya sauri.

Inda jiniya ta gaske za ta fi biyan kuɗinta shi ne cikin garin Gaya kansa: kasuwa, wuraren da motocin mai ke tsayawa, unguwannin da ake ajiye fetur a jarka, da unguwannin bakin kogi. A can mutane na cunkushe cikin kilomita 1 ko 2, kuma akwai ma'aikatan da za a ɗora wa alhakin kunnawa da gwaji. A ƙauye kuwa, kuɗin hasumiya ɗaya zai share hanyar tare wuta mai tsawo, ya sayi batir da lasifikar hannu da wayoyi ga kwamitoci da yawa. Aikin share kewayen rumbuna da nesanta tarin kara daga gidaje ana yinsa ne a Oktoba, kafin a kwaso damman. Lambar ma'aikatan kwana-kwana a duk faɗin Nijar ita ce 18, ana kuma sanar da maigari da ofishin gandun daji mafi kusa a lokaci guda, domin daga gari zuwa ƙauyukan Dallol tafiya ce da mota ba ta yi cikin minti 18.